Shin Ko Kun San? Yara da Wasan Waje a Lokacin Sanyi

Shin ko kun san cewa a ƙasar Finlan jarirai a waje suke barcin rana, a tsakiyar hunturu, ana zuba dusar ƙanƙara? Uwa za ta shayar da jinjirinta, ta sa masa kayan ulu, ta cusa shi cikin jakar barci mai kauri, ta kwantar da shi a keken jarirai, ta tura keken baranda ko tsakar gida, sannan ta koma ɗaki ta ci gaba da aikinta, tana leƙo shi jifa-jifa. Likita ne ma ya ƙarfafa musu gwiwa. Arvo Ylppö, wanda suke ɗauka uban likitancin yara a ƙasar, tun shekarun 1920 yake gaya wa mata su riƙa fitar da jarirai shan iska, lokacin da gidaje ke cunkushe kuma yara ke yawan mutuwa. Shi kansa sai da ya shekara 104 a duniya. A 2008 aka buga wani bincike da Marjo Tourula ta jagoranta a Jami'ar Oulu, inda iyaye suka ce jariran sun fi daɗewa suna barci a waje fiye da cikin ɗaki. Haka ake yi a Suwidin da Norwe da Denmak. A 1997 wata mata 'yar Denmak ta gwada hakan a birnin New York: ta ajiye 'yarta a keke a ƙofar gidan abinci, tana ciki tana hangenta ta taga. 'Yan sanda suka yi awon gaba da ita. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Ko kun san gwamnatin Finlan ɗin ce ke ba jariri rigar sanyinsa ta farko? Tun 1938 aka fara raba wa mata masu ƙaramin ƙarfi akwatin kayan haihuwa, a 1949 aka mai da shi na kowace mai ciki, da sharaɗin ta je awo a kan lokaci. A cikin akwatin har da rigar fita cikin dusar ƙanƙara. Wato tun yaro bai zo duniya ba an riga an yanke cewa zai fita.

Shin ko kun san akwai makarantun ƙananan yara da ba su da aji ko ɗaya? A Denmak abin ya samo asali, a farkon shekarun 1950, inda wata mata mai suna Ella Flatau ta riƙa kwasar 'ya'yanta da na maƙwabta tana kai su daji kullum. A Suwidin kuma Gösta Frohm ya ƙirƙiro wani ɗan dodon daji mai suna Skogsmulle a 1957, wanda ke koya wa 'yan shekara biyar da shida sunayen itatuwa da tsuntsaye, da cewa ba a zubar da shara a daji. Jamus ta amince da irin wannan makaranta a hukumance a garin Flensburg a 1993, yau kuwa tana da fiye da 1,000. Mafakarsu sau da yawa wata tsohuwar motar ma'aikatan gini ce da aka girka a bakin daji, da ɗan murhu a ciki, ba a shiga sai hadari ya yi tsanani. Lissafi da tsakuwa da 'ya'yan itace ake koyonsa, rubutu da tsinke a kan dusar ƙanƙara. Mutanen can suna da karin magana cewa yanayi ba ya laifi, sai dai tufafi su yi laifi.

A makarantun firamaren Finlan, bisa al'ada, bayan darasin minti 45 akwai hutun minti 15, kuma a waje ake yin sa. Makarantu da yawa ba sa barin yara su zauna a ciki sai sanyi ya wuce digiri 15 ƙasa da sifili. In wannan ya ba ku mamaki, to a birnin Yakutsk na Rasha ba a ba 'yan ƙananan azuzuwa hutun sanyi sai awo ya kai wajen digiri 45 ƙasa da sifili. Mu kuwa da safiyar hunturu ta sauka digiri 12 sama da sifili sai ka ga an naɗe yaro da bargo biyu, an ce yau ba makaranta.

Shin ko kun san kowace ƙwayar dusar ƙanƙara mai rassa, rassa shida gare ta? Dalili shi ne idan ruwa zai daskare, ƙwayoyinsa kan jeru ne a zobe mai kusurwa shida. Masanin taurari Johannes Kepler ya yi rubutu a kan wannan tun 1611, ya ba wani ubangidansa a matsayin kyautar sabuwar shekara. Amma wanda ya nuna wa duniya abin ƙuru-ƙuru manomi ne. Wilson Bentley, ɗan ƙauyen Jericho a jihar Vermont ta Amurka, ya haɗa kyamara da madubin likita mai ƙara girman abu, ya ɗauki hoton ƙwaya ɗaya a 1885 yana ɗan shekara 19. Ya ci gaba har ya tara hotuna fiye da 5,000. A kan baƙin allo yake tarar su, ya riƙe numfashinsa kada hucin bakinsa ya narkar da su. Ciwon huhu ya kashe shi a Disamban 1931. Dabararsa ce iyaye ke kwaikwaya har gobe: a ajiye baƙin ƙyalle a waje ya ɗauki sanyi, a tari dusar da shi, a miƙa wa yaro gilashin ƙara girma. Ɗan shekara uku zai ƙirga rassan nan shida da kansa, ya kuma ƙirga, ya nemi wata ya ga ko za a samu mai bakwai. Ba za a samu ba, kuma neman da yake yi shi ne karatun.

Wani masani ɗan Japan, Ukichiro Nakaya, shi ya fara haɗa ƙwayar dusar ƙanƙara a ɗakin gwaji, a Jami'ar Hokkaido a 1936. A kan gashin zomo ya reno ta. Ya gano cewa sifarta na bin sanyi da laimar iska: wajen digiri 5 ƙasa da sifili tana fitowa siririya mai tsini, wajen digiri 15 kuma tana yin rassa masu ado.

Ko kun san yawancin dusar ƙanƙara iska ce? A cika kwalba da ita dam, a shigo da ita ɗaki, a tambayi yaro ya sa alama inda yake jin ruwan zai tsaya. Kusan kowane yaro sama yake sa alamarsa. In ta narke, santimita 10 na sabuwar dusa ba ya wuce kusan santimita 1 na ruwa. Iskar da ke maƙale a ciki ita ce ke sa gari ya yi tsit bayan ta zuba, domin tana shanye ƙara. Ita ce kuma ke riƙe ɗumi, shi ya sa mutanen Inuit na arewacin Kanada ke gina ɗakin kwana da tubalin dusar ƙanƙara, cikinsa ya fi waje ɗumi nesa ba kusa ba.

A garin Yokote na Japan, duk watan Fabrairu akan gina irin waɗannan ɗakuna a tituna, al'adar da ta haura shekara 400. Yara ne masu gida. Suna zaune a ciki da ɗan kasko, suna gasa wainar shinkafa, suna kiran masu wucewa su shigo su sha abin ɗumi. Shi ma bikin dusar ƙanƙara na birnin Sapporo, wanda ke jawo mutane kusan miliyan biyu a shekara, ɗaliban sakandare ne suka fara shi a 1950, da gumaka shida kacal a filin Odori. A tsibirin Hokkaido, inda Sapporon yake, a garin Sobetsu, aka mai da jifa da curin dusar ƙanƙara gasa mai alƙali a 1989: mutum bakwai-bakwai, kowane ɓangare curi 90, kowa da hular kwano.

Sai dai ba kowace dusa ke curuwa ba. Wadda ta zuba cikin tsananin sanyi warwatsewa take a hannu kamar busasshen yashi. Sai sanyin ya yi kusa da sifili, ta ɗan jiƙe, sannan take haɗuwa. Yaran can kan san wannan tun kafin su iya karanta ma'aunin zafi: suna damƙa ɗaya, su ce yau ta gini ce ko ta sulu. In kuma ta fara ƙara ƙiiƙii a ƙarƙashin takalmi, an wuce digiri 10 ƙasa da sifili ke nan.

Shin ko kun san ruwa kumbura yake in ya daskare? Girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa, shi ya sa kuma kwalbar da aka manta a firiza ke fashewa. A Finlan akan cika bokiti da ruwa a bar shi waje ya kwana. Gefe da sama ne ke fara daskarewa, tsakiya na nan ruwa. Da safe a kifar da bokitin, a huda, a tsiyaye ruwan, a sa kyandir a ciki: an sami fitilar ƙanƙara ta ƙofar gida. Wannan ba ya yiwuwa a Zariya ko Maraɗi sai da firiza, amma ga wanda ke yiwuwa a ko'ina. A jefa ƙanƙara a kofin ruwa, a ɗora zare a kanta, a barbaɗa gishiri kaɗan, a jira minti ɗaya, a ɗaga zaren. Ƙanƙarar za ta biyo shi. Gishirin ya narkar da samanta, ruwan ya sake daskarewa ya kama zaren. Saboda wannan halin na gishiri ake watsa shi a titunan Turai da hunturu.

Ko kun san ɗalibin Afirka ne ya jefa masana cikin gardamar ƙanƙara da har yau ba ta ƙare ba? Erasto Mpemba na Tanzaniya, yana sakandare a 1963, ya lura haɗin askirim ɗinsa mai zafi ya riga na abokansa mai sanyi daskarewa. Malaminsa ya yi masa dariya. Bai haƙura ba, ya tambayi wani malamin jami'a, Denis Osborne, suka buga sakamakon tare a 1969. Wasu masana sun ce sun ga hakan a gwajinsu, wasu sun ce sam. Abin da na fi so a labarin shi ne taurin kan yaron.

A lardin Kwibek na Kanada, inda ake samar da kusan kashi 70 cikin 100 na zumar itacen maful ta duniya, ana tafasa ruwan itacen har ya yi kauri, a tsiyaya shi da zafinsa a kan dusar ƙanƙara mai tsabta, yara su naɗe shi a tsinke ya zama alewa. Sai an ƙona lita 40 na ruwan itacen kafin a sami lita 1.

Yanzu batun tufafi, wanda a nan ne rai yake. Shin ko kun san yaro ya fi babba saurin rasa ɗumin jiki? Fatarsa ta yi yawa in aka gwada da nauyinsa, ga shi in wasa ya yi daɗi ba zai ce yana jin sanyi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk abin da babba ya sa, a ƙara wa ƙaramin yaro riga ɗaya a kai. Riguna marasa kauri guda uku sun fi ƙatuwa ɗaya, domin iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, kuma in ya yi gumi ana iya cire ɗaya. Iyayen Norwe ulu suke sa wa a jikin fata, suna gudun auduga, saboda auduga in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Safar hannu mai aljihu ɗaya ta fi mai yatsu biyar ɗumi, don yatsun na ɗumama juna. Maganar da ake yi cewa rabin ɗumin jiki ta kai yake fita ba gaskiya ba ce ga babba, wanda kansa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na fatar jikinsa ba. Amma kan jariri ya kusa kashi ɗaya cikin biyar, don haka hularsa ba ado ba ce. Masu 'ya'ya a ƙasashen sanyi su riƙe waɗannan kuma: in yatsa ko kunne ya yi fari ya mutu, ba a murza shi, a ruwa mai ɗumi ake tsoma shi, ba mai zafi ba. In yaro ya lashi ƙarfe harshensa ya manne, kada a fizge, ruwan ɗumi ake zubawa. Ana kuma cire masa rigar sanyi mai kumburi kafin a ɗaure shi a kujerar mota, don in ba haka ba igiyar ba ta kama jiki.

Ko kun san ana ƙonewa da rana a cikin dusar ƙanƙara? Sabuwar dusa na mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata. Inuit tun da daɗewa suke sassaƙa tabarau da ƙashi, mai siririyar tsaga, don kare ido.

A birnin Tromsø na Norwe rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, amma yara na fita wasa, kowa da fitila a goshi da ɗan abin ƙyalli a jikin riga don direbobi su gan shi. Wani manomi ɗan Finlan, Arvi Lehti, shi ya fara ƙera wannan abin ƙyallin. Ranar 21 ga Janairu, da rana ta hau kan duwatsu, makarantun yara kan yi shagali da burodi mai zaƙi.

Me ya sa ake wannan wahala duka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu na buƙatar minti 180 na motsa jiki a kowace rana, kuma ba ta cire hunturu ba. Akwai kuma batun ido. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na zama a waje kullum. Bayan shekara uku, kamar yadda aka buga a 2015, kusan kashi 30 cikin 100 nasu ne suka kamu da matsalar rashin hangen nesa, alhali a makarantun da ba a yi ƙarin ba abin ya kusa kashi 40. Taiwan tun 2010 ta nemi makarantu su riƙa fitar da yara minti 120 a rana. Hasken waje ne maganin, ko da rana ba ta fito sosai ba.

Shin ko kun san sanyi shi kaɗai ba ya sa mura? Ƙwayar cuta ce ke sa ta. Iska mai sanyi da bushewa na iya raunana hanci, wannan gaskiya ne, amma babban abin da ke yaɗa mura shi ne cunkoso a ɗakin da aka toshe kowace kafa. A nan hunturunmu ya shigo. Abin tsoro a wurinmu ba awon sanyi ba ne. Ƙura ce, da kaushi da faso, da sanƙarau da ke tashi daga Disamba zuwa zuwan damina, da kuma kaskon gawayi. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Ban da yaran da ke faɗawa wuta wajen jin ɗumi duk shekara. A ganina yaron da aka shafe da man kaɗanya, aka sa masa rigar sanyi da hula, aka sake shi tsakar gida da hantsi, ya fi wanda aka kulle da kasko zama cikin aminci. Ranar da hazo ya yi kauri dai, mai asma ya zauna a ciki.

Ƙurar nan ma abin karatu ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, busasshen gindin tsohon Tafkin Cadi, cike da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce. Wata har tana ƙetare tekun Atlantika. A shafa man baselin a farar takarda guda biyu, a rataye ɗaya a waje, ɗaya a ɗaki, a gwada su bayan kwana uku. Da asuba kuma, kafin a yi shara, ƙurar da ta kwanta a tsakar gida na ɗauke da sawun duk wanda ya yi yawon dare: kyanwa, ɓera, buzuzu. Yaran Kanada a kan dusar ƙanƙara suke wannan wasan bin sawun.

Ko kun san baƙin hunturu na zuwa mana daga Turai da fukafukansu? Shamuwa ta damina ce. Da kaka ta wuce kuwa, agwagin ruwa da sauran tsuntsaye dubbai ke ƙetaro Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, da Dagona a jihar Yobe, da bakin Tafkin Cadi. Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa ba, har wasu na cewa a ƙarƙashin ruwa suke kwana. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu a kusa da ƙauyen Klütz na Jamus, da mashin Afirka cake a wuyansa. Yana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. Ƙidayar tsuntsaye ta ƙarshen Janairu da ake yi a Birtaniya, wadda dubban ɗaruruwan mutane ke shiga, a 1979 ta fara a matsayin aikin yara. Akwai wata da ake yi a Fabrairu, wadda aka buɗe wa duk duniya tun 2013, minti 15 kawai take buƙata. Yaron da ya zauna a gindin darbejiya ya ƙirga kurciya da tsada da hankaka, shi ma ƙidayarsa na shiga.

Da daddare, in hazo ya yi sauƙi, Disamba ne lokacin da taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta ke hawa sama tun da wuri. Mai ido sosai kan ga shida ko bakwai. A bar yara su yi musu a kai.

Shin ko kun san inuwarku ta fi tsawo a ƙarshen Disamba? A kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili, a auna inuwarta da zawali, wajen ƙarfe 12 da rabi. A Kano, ranar 21 ga Disamba, za a samu kusan santimita 70, tana kallon arewa. A rana guda, a birnin Helsinki, inuwar wannan sandar ta kusa mita 9, kuma yinin bai cika awa 6 ba. Malamanmu da ke auna inuwa da tafin ƙafa don sanin azahar da la'asar sun san tana canzawa wata-wata. A sa yaro ya riƙa auna ta duk Juma'a yana rubutawa a bango da gawayi. Zai ga tana raguwa har ƙarshen Afrilu, lokacin da za ta shige ƙarƙashin sandar, sannan ta ɓullo ta kudu.

Tartsatsin da ke fitowa in an cire rigar sanyi a cikin duhu, da ɗan jan da murfin mota ke yi wa hannu, duk aikin busasshiyar iska ne: ba laimar da za ta kwashe wutar da gogayya ke tarawa a jiki. A goga matajin roba a gashi ko a rigar ulu, a kusanta shi da yagaggun takardu, za su yi tsalle su manne. A kusanta shi da siririn ruwan da ke zuba daga buta, ruwan zai lanƙwasa. Da damina gwajin ba ya yin kyau, don haka a yi shi kafin Maris.